NES Classic: gem 30 a akwati ɗaya, amma tsallen wasu kam sai haƙuri

Wannan ɗan akwatin na Nintendo, NES Classic Edition, ƙaramin kwafin tsohuwar na'urar gem ɗinsu ta NES, ya fito ne a Nuwamban 2016, kuɗinsa a Amurka dala 60 a lokacin, aka dakatar da shi a Afrilun 2017 mutane suka yi ta ƙorafi, aka dawo da shi tsakiyar 2018, ƙarshen shekarar kuma aka rufe babinsa gaba ɗaya. Kenan duk wanda ka gani yanzu ko dai na hannu ne, ko tsohuwar ajiya, ko kuma jabu, zan zo kan jabun a ƙasa. Gem 30 ne a ciki, ba a saka kaset, ba a ƙara wasu, kuma in ka duba jerin da kyau wajen 20 daga cikinsu akwai tsalle a ciki, da yawa ma tsallen shi ne gem ɗin baki ɗaya, shi ya sa ni da tsalle na auna akwatin nan ba da kyan hoto ko daɗin kiɗa ba.

Shi kansa akwatin babu wani dogon bayani. Ɗan ƙarami ne ya zauna a tafin hannu, HDMI yake amfani da shi, wutarsa ta USB ce, hannu ɗaya yake zuwa da shi na biyu sai ka saya daban. Hannun yana da kyau gaskiya, botin A da B suna amsawa yadda ya kamata, sai dai wayarsa ko mita ɗaya ba ta kai ba, dole ka zauna dab da tibi ko ka nemi wayar ƙari. Kuma in za ka koma jerin gem sai ka miƙa hannu ka danna Reset a jikin akwatin, don babu botin komawa a hannun. In kana da Classic Controller na Wii yana shiga ramin, shi yana da botin Home.

Wani abu da zai ba 'yan zamaninmu mamaki, mu da muka taso da gem ɗin kaset mai ruwan ɗorawa, wanda ake rubuta gem dubu-dubu a jiki alhali Mario ne da Contra da Tank ake ta maimaitawa, shi ne sauri. Da yawan waɗancan na'urorin kwaikwayo ne na Famicom, wato NES ɗin Japan, da aka gyara don tibi ɗin PAL irin namu na nan, hoto 50 suke fitarwa a sakan ɗaya maimakon 60 da aka gina gem ɗin a kai, to komai sai ya ɗan yi sanyi, kiɗa da gudu da tsalle duka, wajen kashi 17 cikin 100. NES Classic a kan 60 yake. In ka kunna Super Mario Bros. ka ji kamar ana korar sa ba lalacewa ya yi ba, asalin gudunsa kenan, hannunka ne ya saba da na sanyin.

To Super Mario Bros. ɗin na 1985, wanda Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka tsara, har yau shi ne ma'auni a wurina kuma ba don tsufa ko suna ba. Abin da ke faruwa in ka danna A ya fi yadda ido ke gani. In ka ɗan taɓa ka saki Mario zai ɗan ɗaga ne kawai, in ka riƙe sai ya yi sama sosai, saboda muddin kana riƙe da botin yana hawa nauyin da ke jawo shi ƙasa kaɗan ne, kana saki ko ya fara saukowa sai nauyin ya ƙaru ya faɗo da sauri. Shi ya sa tsallensa ba ya yin lagwaf-lagwaf a iska, hawa a hankali, sauka da ƙarfi. Sannan ga B na gudu, in ka taho a guje tsallen ya fi nisa ya fi tsawo, daga tsaye bulo huɗu yake hawa a guje kuma ya kai biyar, kuma gudun da ka ɗebo ba ya ɓacewa don ƙafarka ta bar ƙasa, yana tare da kai a iska, za ka iya rage shi ko ka ɗan ja baya amma ba nan take ba. Mutane da yawa suna cewa wai Mario yana santsi, eh yana yi, amma santsin nan ka'ida gare shi, yadda ya zame jiya haka zai zame yau, kana sabawa sai ka fara amfani da shi, har ramin da faɗinsa bulo ɗaya ne in kana guje sosai wucewa kawai za ka yi ta kansa ba tare da tsalle ba.

Kuma siteji ɗin farko ma darasi ne ba tare da an rubuta maka ko harafi ɗaya ba. Goomba, ɗan abokin gaban farko, yana tahowa a fili, in ba ka yi tsalle ba ka mutu, ka koyi A kenan. Bututu na farko gajere, na gaba ya fi shi, na gaba ya ƙara, dole ka gane riƙe botin yana ƙara tsawo. Can wajen ƙarshe aka sa matakala biyu suna fuskantar juna da ƙasa a tsakaninsu, in ka faɗa babu komai, kana wucewa sai ga irinsu sak amma wannan karon rami ne a tsakiya. An ba ka gwaji kyauta kafin a karɓi ranka. Ni wannan nake kira gina siteji don tsalle.

In kana so ka san daga ina aka taso, Donkey Kong da Mario Bros. duk suna cikin akwatin. Donkey Kong na 1981 ne a asali, tsalle iri ɗaya tak, kana tashi shikenan sai inda ka sauka, kuma ɗan faɗowa kaɗan daga sama mutuwa ce, abin har dariya yake ba ni, Mario ne fa, mutumin da daga baya zai riƙa dirowa daga gajimare. Amma ban kira shi mummuna ba, ganga ce kawai kake tsallakewa, tsallen ya ishe ta. Mario Bros. na 1983 shi ne ya fi ɗan ban haushi, ƙasa kamar an zuba mata mai kuma ba ka juyawa a iska, sannan in ka taka kunkuru kai ne za ka mutu, sai dai ka buge shi ta ƙasan bene. Da mutum biyu yana daɗi saboda rigima, kai kaɗai kam minti kaɗan ka gaji.

Yanzu Ice Climber. Wallahi wannan gem ɗin ban san me ya sa ake ta dawo da shi ba. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya da Super Mario Bros., shi ya fito a farkon 1985 Mario ya fito a Satumba, amma kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Popo, wanda kake bugawa da shi, yana tashi sama sosai, gefe kuma ɗan mitsitsi, ga shi gem ɗin gaba ɗaya hawa dutse ne, ka fasa ƙanƙarar da ke samanka ka bi ta ramin ka sauka a gefensa, wato abin da gem ɗin ya fi buƙata shi ne ɗan matsawa gefe a iska kuma shi ne abin da tsallen ya fi kasawa. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce bakin bene, da idonka za ka ga ƙafar Popo ta hau kan ƙanƙara amma sai ya ratsa ta ciki ya wuce ƙasa kamar babu komai a wurin, kuma tunda sikirin ya riga ya hau sama, ƙasan nan mutuwa ce. Ka ƙara da gajimare masu tafiya da bene mai jan ƙafa a duwatsun gaba, dutse 32 ne fa. Matsalata da shi ba wahala ba ce, abin da ido ya gani da abin da gem ya lissafa ba sa haɗuwa, ka mutu kuma ba ka san me za ka gyara a karo na gaba ba.

Nan ne nake rabuwa da masu haɗa Castlevania da Ice Climber a kwando ɗaya su ce duk tsallen banza ne. A'a malam. Simon Belmont, jarumin Castlevania na Konami, 1986 a Japan 1987 a Amurka, tsallensa a sandare yake gaskiya ne, hanya uku kawai, sama ko gaba ko baya, tsawo ɗaya, kana tashi ba ka da sauran ta cewa, kamar tsallake lambatu da damina, shawara tun a ƙasa ake yanke ta, ƙafa ta tashi babu fasawa. Amma duba yadda aka gina komai a kan hakan. Bulalarsa ma tana ɗan jinkiri kafin ta fita, tafiyarsa a hankali, abokan gaba kuma kowanne da tsarin tafiyarsa da ba ya canzawa, kawunan Medusa ɗin nan da kowa ke tsinewa hawa da sauka suke yi a layi ɗaya kullum, in ka tsaya ka kalle su za ka san daidai inda za su bi. Gem ɗin yana cewa ne tsaya ka duba kafin ka danna, kuma duk ramin da aka sa maka tsallen nan yana iya ƙetare shi in ka tashi daga inda ya dace. In ka mutu a dogon zauren nan kafin bos ɗin da ake kira Death, inda ake haɗa maka Medusa da masu jifa da gatari, za ka ji haushi sosai amma ka san gaggawa ka yi. Abin da ba zan kare ba shi ne matakala, ba ka iya tsalle ka hau ta, ba ka iya tsalle ka sauka daga kanta, kana kai kamar an ɗaure ka, kuma in ka zo saman matakala ba ka danna ƙasa ba sai ka faɗo kamar an jefo dutse. Da kuma wurgi da baya da Simon yake yi in an taɓa shi, wanda kusan kullum a rami yake ƙarewa. Duk da haka a wurina tsallen Castlevania mai kyau ne da aka yi masa mummunar fahimta.

Ghosts 'n Goblins na Capcom yana tsakiya. Jaruminsa Arthur ma ba ya canza hanya a iska, sai dai zai iya juya fuska ya yi jifa baya, bugu ɗaya sulke ya tafi ya rage daga shi sai gajeren wando, bugu na biyu sai ƙasusuwa. Bambancinsa da Castlevania shi ne nan abokan gaba ba su da kunya, gawarwaki suna fitowa daga ƙasa daidai inda za ka sauka, jan shaiɗanin nan Red Arremer kuma yana kauce wa jifanka ya sheƙo ta inda ba ka zata ba, to tsallen da ba a fasawa a gaban abin da ba ka iya hasashensa wani lokacin sa'a ce kawai ba iyawa ba. Ga na NES ɗin ma tafiyar hotonsa tana ɗan kakkatsewa, ba kamar na asalin injin arked na 1985 ba. Kuma bayan duk wannan azabar sai a ce ka sake shi daga farko kafin ka ga ƙarshen gaskiya. Allah ya ba masu haƙuri lada.

Ninja Gaiden na Tecmo kuwa tsallen kansa daɗi gare shi, jaruminsa Ryu yana da sauri, yana manne wa bango ya yi tsalle zuwa ɗaya bangon, in ka kama salon kamar rawa kake yi. Amma manne wa bangon nan ba ya tambayar ka, ko ba ka so in ka taɓa bango ka manne, kuma a wannan na farkon ba ya hawa bango sai inda akwai tsani, ja da baya a iska ma da ƙyar yake yi. Sai tsuntsayen nan. Kana tsakiyar tsalle kan rami tsuntsu ya bugo ka ka yi baya ka faɗa, in ka tsira ka ɗan matsa baya kaɗan sikirin ya motsa sai wani sabon tsuntsun ya sake fitowa daga wuri ɗaya. Wanda ya kai siteji 6-2 ya san me nake nufi, wanda kuma bos ɗin ƙarshe ya kashe aka mayar da shi 6-1 ya fi kowa sani. Nan tsalle ba shi da laifi, wurin da aka ajiye abokan gaba ne mugunta.

Mega Man 2 ya bi wata hanya daban da ta Mario kuma ita ma ta yi. Shi babu ɗebo gudu, babu santsi, ka danna gaba ya tafi ka saki ya tsaya, a iska ma haka, za ka iya tashi ka je gaba ka dawo ka sauka inda ka taso, tsawon tsalle kuma yana bin yadda ka riƙe botin. Saboda an ba ka iko cikakke sai aka samu damar tsananta siteji, bulullukan nan masu ɓacewa da dawowa na sitejin bos Heat Man misali, dogon layi a kan wuta da rami, wani bulon ma a saman kanka zai fito sai ka tashi tun kafin ya bayyana. Da wuya kam, amma tsari ne da ake haddacewa, da sautinsu ma kana iya kama lokacin. In kuma ba ka da wannan juriyar ka fara kashe bos Air Man ka karɓi Item-2, wani allo mai tashi, ka hau ka wuce su gaba ɗaya, ba wanda zai kai ka kotu. In yaro ne zai fara koyon irin waɗannan gem ɗin ni da Mega Man 2 zan fara masa kafin Castlevania, don duk abin da ya danna shi zai gani.

Wanda ya zo na biyu a muni bayan Ice Climber shi ne Double Dragon II, kuma abin takaicin gem ne mai kyau. Duka da naushi da gwiwar nan mai tashi da mutum, ga mutum biyu a lokaci ɗaya, babu abin da ya kai shi daɗi a akwatin in kuna biyu. Amma tsalle sai ka danna A da B tare, don botin biyun duk an ba wa duka, ɗaya hagu ɗaya dama, in yatsanka ya riga sauka a kan ɗaya sai ka ga Billy, wanda kake bugawa da shi, ya kai naushi a iska a bakin rami maimakon ya tashi. A fagen faɗa wannan ba komai ba ne. Sai can wajen ƙarshe wani ya ga ya dace a kawo benaye masu ɓacewa da bel mai jan ƙafa da manyan giyan inji masu juyawa a kan ƙusoshi, a gem ɗin da aka gina don faɗan titi. Rayukan da ka tara da gumin faɗa a nan za su ƙare ba tare da ko mutum ɗaya ya taɓa ka ba.

Sauran ba sai na ja ba. Super Mario Bros. 2 ya ba ka mutum huɗu kowa da tsallensa, Luigi ya fi tashi yana wutsil-wutsil da ƙafa, Gimbiya tana shawagi na ɗan lokaci, Toad gajeren tsalle amma ya fi saurin tuge abu, kuma in ka durƙusa ka jira jiki ya fara walƙiya sai ka yi babban tsalle. Super Mario Bros. 3 shi ne na 1985 ɗin da aka goge aka ƙara masa wutsiya da tashi sama in mitar gudu ta P ta cika, kuma in ka taka abokin gaba kana riƙe da A sai ka yi sama sosai, wannan ɗan ƙarin kaɗai ya canza yadda ake bin siteji. Samus ta Metroid tana daɗewa a iska kamar ba ta son saukowa, amma dogayen ramukan hawa na gem ɗin sun dace da hakan. Kid Icarus sikirin ba ya komawa ƙasa, kuma in ka danna ƙasa a kan siririn bene sai ka zurma, ka kiyaye. Kirby na 1993 shi kam ya ce a bar wahala, ya kumbura ya tashi.

Abu ɗaya da zai iya lalata duk wannan bayanin shi ne tibi ɗinka. An yi gem ɗin nan ne don tsohuwar tibi mai ƙeya, wadda kana danna botin kusan nan take take nunawa. Tibi ɗin yanzu tana tsayawa ta yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna, kuma a gem mai hoto 60 a sakan jinkirin hoto huɗu ko biyar ya isa ya sa ka tashi bayan ka riga ka wuce bakin rami, sai ka ɗauka tsufa ne ya kama hannunka. Shiga setin ɗin tibi ka nemo Game Mode ka kunna, ka kashe duk wani abin sulɓin hoto, bambancin a bayyane yake musamman a Mega Man 2 da Ninja Gaiden. Hannu mara waya na arha shi ma yana iya ƙara nasa jinkirin, gara wayar ƙari. Akwai kuma ajiyar wuri, guda huɗu ga kowane gem, ka danna Reset ka ajiye daidai inda kake, wanda shi ne ya sa mai iyali da aiki zai iya ganin ƙarshen Ghosts 'n Goblins a rayuwarsa, kuma yana taimako a inda wuta ba ta da tabbas in dai ka tuna ka ajiye kafin a ɗauke.

Batun jabu, in ka ga akwati mai kama da wannan an rubuta gem 620 ko 500 a kwali, da hannu biyu da wayar nan mai kai ja da fari ko ruwan ɗorawa, ba shi ba ne, irin namu na da ne aka sa masa sabuwar riga. Akwai ma jabun da ya kwaikwayi kwalin da jerin gem 30 ɗin da HDMI duka, shi ya fi haɗari, don haka kar ka biya sai an kunna maka, ka sa Super Mario Bros. ka saurari kiɗan ka yi tsalle kaɗan a 1-1, in sautin tsallen yana zuwa a makare ko hoton yana kakkatsewa in kana gudu ka ajiye musu kayansu.

Shin ya cancanci saye? In ka samu orijinal a kuɗin da bai yi nisa da asalinsa ba, eh, don Mario uku da Mega Man 2 da Castlevania da Kirby da Ninja Gaiden kaɗai sun biya. In mai shi ya ninka kuɗin don wai ya zama na tarihi, yawancin gem ɗin nan suna kan Nintendo Switch Online, tsarin biyan kuɗi na na'urar Switch, na Konami da Capcom kuma suna da nasu tarin da ake sayarwa a na'urorin yanzu, ba dole sai akwatin ba. Wanda Contra ɗinmu na da yake nema ya sani babu shi a ciki, Super C ne, ƙaninsa na 1990, tsallen ƙundunbalar dai iri ɗaya ne. Ice Climber kuwa ka kunna shi sau ɗaya da aboki ku yi dariya ku wuce na gaba.